Gida na ashirin da biyar

 Gaisuwa ce daga Gamkalley, nan bakin kogin Isa a Yamai. Da aka ce kowace ƙungiya ta kawo labarin sana'ar da ta gwada, sai muka ce mu za mu faɗi yadda muka ɗinka bargo da guntayen atamfa, mai gidaje da itatuwa a jikinsa. Amma gara mu gaya muku gaskiya tun daga farko: bargon nan ya tono mana wata magana da muka binne shekara huɗu, kuma ita ta fi ɗinkin wuya. Za mu kawo muku duka biyun, don mun rasa inda za mu sa almakashi mu raba su.

Ƙungiyarmu ba ta bambanta da taku ba. Kowace Laraba bayan la'asar muna haɗuwa a tsakar gidan shugabarmu, da Hausawa da Zabarmawa, magana ta fara da wannan harshe ta ƙare da wancan. Zubinmu dala 100 ne a mako, da dala 10 ta asusun taimako. Akwatinmu na ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, shi kuma yana kwana a gidan ta huɗu. Tsarin Mata Masu Dubara ne, wanda aka fara a jihar Maradi a 1991 da tallafin CARE, yau ga shi har ƙasashe masu nisa suna aiki da shi. A cikinmu akwai masu lambu a bakin ruwa, masu saida salati da kabeji da zogale, akwai mai suyar kifi, akwai mai fari masa, akwai wadda mijinta majemi ne a majemar unguwarmu. Lokacin da wannan labari ya fara, mu 24 ne.

Bayan Babbar Sallar 2024, ɗiyar ma'ajiyarmu da ke koyon ɗinki ta kawo mana buhu guda cike da ragowar yadi daga shagon da take. Kun san yadda teloli suke bayan Sallah: ƙyallaye har gwiwa, wasu a ƙone, wasu iska ta kwashe su toshe magudanar ruwa. Niyyarmu mu cusa su a matashin kai mu saida. Sai damina ta shigo da ƙarfinta, shekarar da har aka ɗage komawar yara lakwal zuwa 28 ga Oktoba, kowa ta koma tsaron bangon ɗakinta. Buhun ya zauna a lungu har sanyi ya shigo.

Yarinyar ce ta sake tada maganar. Ta nuna mana a wayarta barguna da matan wasu ƙasashe ke haɗawa da guntayen yadi, kowane falle da ɗan gida da itace a gefensa. Dariya muka fara yi. Wata ta ce, "Yo wa zai ba da kuɗɗinshi ya sayi maho?" Kuma ba ta yi ƙarya ba. Mu abin da muka sani na ado a gado shi ne tera-tera ta amarya da gwado, aikin masaƙa. Maho kuwa abin ɓoyo ne, a ciki ake yin sa, kada maƙwabta su gani. Madam, wadda ta yi shekaru tana koyarwa kafin ta yi ritaya, ita ta juya mana tunani. Ta ce a Abomey, nan ƙasar Benin, tun zamanin sarakunansu ake yanka yadi a fitar da siffar tsuntsu ko zaki ko kifi a ɗora a kan wani yadin a ɗinke, kuma har yau baƙi suna sayensa da tsada. Ta ce maho da ado duk allura ɗaya ce ke yin su.

Muka amince a ari jika 12 daga akwati da sunan ƙungiya, don zare da shafi da ƴan ƙananan kaya. Muka yanke cewa kowace mace za ta ɗinka falle ɗaya: gidanta, da itacen da ke ƙofarsa ko tsakar gidansa.

Ga wadda ke son gwadawa, bari mu faɗi yadda muka yi, har da inda muka yi ɓarna. Ɓarnar farko, ba mu wanke ƙyallayen ba. Wani jan yadi ya zuba a kan farin sama tun a wankin farko, falle biyu suka lalace. Don haka a fara wankewa, kowane launi daban, a shanya a inuwa, a sa ɗan sitaci, a goge. Dutsen guga na gawayi ya fi mana, don ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Ɓarna ta biyu, mun gwama leshi da yadi mai miƙewa a cikin atamfa, ɗinki ya tattare. Atamfa da shadda da yadin auduga su ke zama lafiya da juna. Sauran a bar wa matashin kai.

Kowane falle mun so ya tashi santimita 30 kowane gefe, don haka muka yanka shi da ƙarin santimita ɗaya a kewaye na cin ɗinki. Ma'aunin da kwalin sukari muka yi shi: guda na falle, guda na jikin gida, guda mai kusurwa uku na rufi, da da'ira babba da ƙarama na ganye. A ɗora kwali a bayan yadi, a zana da alli ko guntun sabulu, a yanka da ɗan rata. Kashi ɗaya cikin uku na fallen ƙasa ce, a sa ja-ja ko ruwan ƙasa. Sauran sama, a sa fari ko shuɗi mai haske. Sai a kalmashe bakin jikin gidan, a danne da guga, a kafa shi da dogon ɗinki na riƙo, sannan a bi da ƙananan ɗinki kusa-kusa, a zare na riƙon. Rufi shi ke ba da wahala, don gefen da aka yanka a karkace miƙewa yake yi in an ja shi. Kada a ja, a dai danne shi da yatsa. Ganyen itace kuma, da yake zagaye ne, ba ya kalmasuwa da hannu. Dubarar ita ce a bi bakin yadin da zare, a sa da'irar kwali a tsakiya, a ja zaren har yadin ya rungume kwalin, a goge, a zare kwalin. Sai ka ga ganye ya fito sumul. Keke ɗaya gare mu, tsohuwar Butterfly ta ƙafa, ita muka bar wa haɗa falle da falle. Gidaje da itatuwa duk ɗinkin hannu ne.

Wurin itatuwan nan aka sha dariya. Mai goruba ta ce a kula, goruba reshe biyu take rabuwa, ba kamar giginya ba da ke tafiya sak da ɗan kumburi a wuya. Mai kuka ta cinye rabin ruwan ƙasan da ke buhu don gindi kaɗai. Masu dogon yaro sun fi yawa, sai mangwaro. Wata ta kawo itace tsirara ba ganye ko ɗaya, muka ce kasala ce ta hana ta. Ta ce, "Gawo ne, kuma hoton damina na yi. Kun taɓa ganin gawo da ganye da damina?" Muka yi shiru, don ta fi mu gaskiya.

Makonni huɗu muka ba juna. Ranar da aka kawo fallayen muka shimfiɗa su a tabarma, nan dariya ta tsaya. Mu tara ne a cikin 24 da gidajenmu suka faɗi a ambaliyar 2020. Ba wadda ta yi shawara da wata, amma duk mu taran tsohon gidan muka ɗinka, ba wanda muke ciki yanzu ba. Ga ƙofar kwano mai shuɗin fenti da ruwa ya tafi da ita. Ga rumfar kara da ba ta nan. Ga ɗan ɗakin kaji.

Waɗanda ke nesa da kogi, bari mu ɗan tuna muku. Kogin Isa sau biyu yake cika a Yamai. Akwai ruwan da ke tasowa tun daga Gine, ya yi wata da watanni a hanya ya iso mana da sanyi, wannan a hankali yake zuwa. Akwai kuma jan ruwan damina da Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa a Agusta da Satumba, wannan ba ya sallama. A farkon Satumban 2020 ma'aunin ruwa a Yamai ya kai kusan mita 7, alhali daga mita 6 da santimita 20 ake shelar babban haɗari. Ya ci Lamorde da Kirkisoy a wancan ƙetare, ya ci Saga da gefenmu a wannan. Gidan laka ba faɗuwa ɗaya yake yi ba: gindin bango ke jiƙa, ya narke kamar sukari a shayi, sai saman ya zauna. Da yawanmu a azuzuwan lakwal muka kwana makonni. Da ruwa ya janye muka koma, ba bango ba zaure, sai tudun laka iri ɗaya ko'ina. Da itatuwa muka gane wurarenmu. Kowa ta nemi dogon yaronta ko mangwaronta, ta ce to, nan ne ƙofata. Shi ya sa in kun dubi fallayen mu taran, za ku ga itacen ya fi gidan girma.

Sai aka zo kan fallen Inna, wadda ta girme mu duka. Gidanta ya yi kyau, ɗinkinta ƙanana kamar na keke. Amma tsamiyarta rabi ce. Ta kafa ta a can bakin falle na dama, rabin gindi, rabin ganye, kamar an tsaga ta da gatari. Yarinyar nan mai koyon ɗinki ta ce, "Inna, yadi ne ya ƙare miki? Ga kore nan da yawa." Inna ta ce, "A'a ɗiyata. Tsamiyar ga bisa iyaka take. Rabi na nawa, rabi na Uwar Tagwaye. Ba ni ɗunka abin da ba nawa ba."

Sunan da ba a ambata a taronmu ke nan tun shekara huɗu.

Uwar Tagwaye tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nan. A watan Yunin 2020 ta ari jika 40 ta zuba a lambunta: iri, taki, man injin ban ruwa. Ruwa ya ci lambun, ya ci gidan, a mako guda. Daga lakwal ta koma wurin dangin miji, daga nan ta ƙara gaba. Laraba ɗaya ba ta zo ba, biyu, biyar. Muka kira waya har layin ya daina shiga. Da lokacin fasa akwati ya yi, muka bi doka: aka riƙe ajiyarta jika 18, saura jika 22 ya zama giɓi, kowaccenmu ta rasa kusan jika guda a rabonta. Aka ja jan layi a ƙarƙashin sunanta a kaye. Mu ma ba mu da ta cewa a lokacin, kowa tana neman tubali da azara. Amma bari mu faɗi wadda ba mu so faɗi ba: mun ji labarin unguwar da ta koma. Ba a kai ga shekara ba muka ji. Babu wadda ta taka ƙafa ta je. Da farko muna cewa ita ya kamata ta zo. Daga baya mu ma kunya ta kama mu, don an daɗe.

Rigimar a kan lissafin ɗinki ta fito. Falle 24 ana jera su huɗu a faɗi, shida a tsawo. In an ƙara ɗaya, sai biyar-biyar. Ma'ajiyarmu ta ce huɗu da shida shi ne daidai, gado dogo ne, ba wanda ke sayen bargo mai faɗi da tsawo ɗaya. Ta ce a ba Inna kore ta cika tsamiyarta a wuce wurin. Da aka matsa mata sai ta fito da abin da ke ranta. "Ku ji tsoron Allah. Kuɗɗin akwatin ga ba na gwamnati ba ne, ba na Turawa ba ne, na mai tuyar masa ne. Ni ma gidana ya faɗi, mijina ya rasu, kuma na biya bashina har dala ta ƙarshe. In munka sa gidanta cikin namu kamar ba a yi komi ba, gobe wa za ta ji tsoron cin bashi?" Kada ku ga laifinta. Shekara nawa tana riƙe da kayenmu, ko dala ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Ƙungiyar da ba ta da mace irinta, akwatinta ba ya shekara biyu.

Madam ta ce ita ma tana da labari. A ƙasar Cile, can kudancin nahiyar Amurka, bayan sojoji sun karɓi mulki a 1973, an yi ta kama mutane suna ɓacewa. Matan unguwannin talakawa suka riƙa ɗinka guntayen yadi a kan buhu, da gidajensu da itatuwa da duwatsun garinsu, suna sa siffar waɗanda suka ɓace a ciki, wani lokaci ma da ƙyallen rigar mutumin. Suna saidawa su ci abinci, kuma duniya ta san abin da ake ciki. Inna ta saurara har ta gama, sannan ta ce, "Su ba su san inda nasu suke ba. Mu tamu ba soja ya ɗauke ta ba, kunya ta ɗauke ta, kuma mun san unguwar da take."

Shugaba ba ta sa a ɗaga hannu ba ranar. Ta ce maganar bashi daban, maganar ƙyalle daban. A tura mutum uku su je su roƙo ƙyalle ɗaya daga zanenta, shi ke nan. Ta zaɓi Inna, da Madam, da ita ma'ajiya. Ma'ajiya ta ce ita me za ta je yi? Shugaba ta ce, "Ke za ki riƙe kuɗin mota."

Ranar Asabar suka shiga faba-faba zuwa can wajen filin jirgi, suka sauka suka yi ta tambaya. A wani fili da aka kewaye ba a gina ba suka same ta, cikin bukka, ita da yaranta suna gadin wurin, tana wankau a gidajen maƙwabta. Tagwayen da muka sani a goye sun isa shiga lakwal. Da ta hango ma'ajiya ko gaisuwa ba ta gama ba ta shige bukka. Suka ɗauka ɓuya ta yi. Sai ga ta da gwangwanin madara ɗaure da tsumma, ta juye a tabarma: ƴan dala-dala da tsofaffin takardu. Ta ce, "Wallahi Yaya ban manta ba. Na ce sai ya cika in taho. In na tara, ciwo ya zo ya kwashe, in sake." Ma'ajiya ta ce ba shi ya kawo su ba. Ta ce ta sani, amma a ƙirga. Inna ta ce a ƙirga mata, hakkinta ne. Ma'ajiya ta zauna ta ƙirga sau biyu yadda take yi a taro: jika 6 da dala 100. Ta ciro bik ta rubuta a bayan hannunta, don ba ta zo da kaye ba.

Da suka faɗi abin da ya kawo su, ta daɗe ba ta yi magana ba. Sannan ta jawo wani zane da ya koɗe har ana ganin haske ta cikinsa. Ankonmu ne na ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, da ake tunawa da tattakin da mata suka yi a nan Yamai a 1991 suna neman a ba su gurbi a shirin babban taron ƙasa. Dukanmu mun ɗinka shi tare shekarar kafin ambaliya. Da shi ta fito daga gida daren da ruwa ya shigo. Ta kama gefen da ya fi ƙwari ta yage da haƙori. Inna ta ce, "Riƙe abinki. Ke za ki ɗunka, ranar Laraba."

Ta zo. Ba za mu ce an yi guɗa ba. An gaisa, an yi ɗan shiru, wata ta matsa mata a tabarma. Mako biyu ta yi a kan fallenta. Jikin gidan da zanen anko ta yi shi, da yake ya yi laushi sai da aka sa masa wani yadi a baya. Rabin tsamiyarta ta kafa a bakin falle na hagu. Da aka jera shi kusa da na Inna, koren bai zo ɗaya ba, gindin ma ya goce da kamar yatsa guda. Yarinya ta ce a farke a gyara. Muka ce a bar shi. A wannan wuri kaɗai ba mu sa ɗan tsirin da ke raba falle da falle ba, muka faɗaɗa fallayen biyu don tsamiyar ta haɗu.

Bashin kuwa ba mu yafe ba, ita ma ba ta nemi a yafe ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Bayan abin da ta kawo, saura jika 15 da dala 100. Muka amince ta riƙa biyan dala 100 kowane mako, mako 31, ba ƙarin komai a kai. Kuɗin motarta na wata biyun farko daga asusun taimako. Ma'ajiya da kanta ta kawo wannan tsari, ta kuma ce abin da aka biya kada a raba, a buɗe sabon asusu da shi. Duk waɗanda suka yi asarar jika guda a wancan rabo suka yarda.

Daga nan muka ƙara doka uku a kayenmu, ga su ko za su yi muku amfani. Ta farko: wadda ta yi Laraba uku ba ta zo ba, mutum biyu za su je gidanta da ƙafa kafin a yi maganarta a taro, kuma ba da kaye za su je ba. Zumunci a ƙafa yake, waya ba ta isa ba. Ta biyu: wadda ruwa ko gobara ta ci dukiyarta, bashinta yana tsayawa wata shida ba ƙari, kuma ko dala 20 ta kawo a karɓa a rubuta, kada a ce sai ya cika. Wannan "sai ya cika" shi ya raba mu da ƴar'uwarmu shekara huɗu. Ta uku: asusun damina, dala 10 a mako, ba a taɓa shi sai daga Yuli zuwa Oktoba, don tamfol da buhunan yashi da hayar amalanken kwashe kaya.

Haɗa bargon bai ɗauke mu mako guda ba. Tsakanin falle da falle mun sa tsiri mai faɗin santimita 5, haka ma kewayen, ya tashi santimita 180 kowane gefe. A tsakiya muka shimfiɗa tsohon bargon gwanjo mara nauyi, a baya yadin auduga. A nan ma akwai dubara: a shimfiɗa ukun a ƙasa mai tsabta, a kafa su da dogon ɗinki daga tsakiya zuwa baki, ba daga baki zuwa tsakiya ba, in ba haka ba ciki ya kumbura. Layin ɗinki kuma kada ya wuce faɗin tafin hannu tsakaninsa da na kusa. Kewayen shuɗi muka yi, ya zama kogi. Wata ta ce ita ba ta son ganin kogin nan a jikin bargo. Masu lambu suka ce shi ke ba mu salati da kifi, ba a fushi da maƙwabcin da ba ya tashi.

Ma'ajiya ta yi gaskiya a abu guda: ba ya zama daidai a gado. Duk da haka wata Hajiya da ta gan shi ta taya jika 35. Muka ce ba na sayarwa ba ne. Abin da muka saida ƙananan ne na jarirai, masu gida tara, uku-uku. Mun yi huɗu da ragowar kayan, kowane jika 6, jimla jika 24. Muka mai da jika 12 na akwati da ƙarin jika 1 da dala 40, saura jika 10 da dala 160 suka shiga asusun damina. Kowane ƙaramin bargo ya ci mata biyu kusan mako biyu na zaman dare. Don haka kada wata ta bar tuyar masarta ta ce ta sami sana'a. Aikin hira ne, na lokacin sanyi, ribarsa kaɗan. Amma yadin kyauta ne, kuma telan unguwarku zai gode muku in kun kwashe masa.

Babban yanzu shi muke shimfiɗawa a ƙarƙashin akwati kowace Laraba. Yara suna zuwa suna nuna gidajensu da yatsa, har waɗanda aka haifa bayan ambaliya suna cewa ga gidanmu na da. Uwar Tagwaye ba ta dawo Gamkalley da zama ba, har yanzu tana can, amma ba ta fashin taro sai da dalili, kuma in za ta yi sai ta aiko. Tsamiyar tana nan a wurinta, bara ma ta yi ƴaƴa, Inna ta raba biyu ta kawo mata rabonta a leda.

Ƴan'uwa, mun san ba mu kaɗai ba ne. Kusan kowace ƙungiya tana da suna a kayenta mai jan layi a ƙasa. Ba mu ce ku yafe kuɗin mutane ba, akwati amana ne. Mun dai ce kafin Laraba ko Alhamis ɗinku mai zuwa, ku buɗe kayen ku dubi sunan, ku tambayi juna ko akwai wadda ta san inda take kwana. Wadda kuma ke son koyon ɗinkin, ƙofarmu a buɗe take, ta taho da allurarta da kwalin sukari.

Allah ya tsare mu da sharrin ruwa, ya ba mu alherinsa. Allah ya sa albarka a akwatunanmu, ya rufa mana asiri, ya bar zumunci. Amin.